Fentin da Ke Hannun Masta Tanko

Masta Tanko ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugune gefen wata tasi a gareji, ina goge mata ƙofa da samfefa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na duba, na ga sunan Zuwera, 'yarsa. Ban ma gama amsa sallama ba ta ce, "Baba Awudu, Baba ya tafi."

Na ce, "Ya tafi ina?"

Wallahi haka na ce mata. Mutumin da ya yi wata biyu bai taka bakin titi ba, ni ina tambaya ya tafi ina.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

An kai shi makwancinsa bayan Azahar. Yanzu na dawo gida na zauna. Ina so in rubuta wannan yau ɗin nan, kafin zuciyata ta fara gyara labarin don ta sauƙaƙa mini. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Tanko mutumin unguwar Aboabo ne a nan Tamale, a nan aka haife shi, kakanninsa fatake ne da suka zo da cinikin goro suka zauna. Ya koyar da zane a sakandare har ya yi ritaya, shi ya sa yaro da babba kowa Masta yake ce masa. Ni kuwa Awudu ne, mai fesa wa motoci fenti a wajen unguwar Bulpiela. Ban gama makaranta ba. Ya girme ni da kusan shekara ashirin. In da lissafin duniya ake bi, ba abin da zai haɗa mu abota.

Shekara goma sha biyu ke nan, wata Asabar ya kawo motonsa, wato babur ɗinsa, wajen makanikin da ke kusa da mu. Yana jiran a gama masa, sai ya zagayo bayan garejinmu. Muna da wani tsohon kwanon rufi da muka jingine a bango, a jikinsa muke gwada bindigar feshi kafin mu taɓa motar mutane. Kowane launi da ya taɓa shiga garejin nan yana jikin kwanon. Ja kan kore, kore kan ruwan toka, wani ya tsage, wani ya zubo ya daskare.

Na fito na tarar da dattijo da farar riga tsaye gaban kwanon, hannu a baya, kamar mai karanta sanarwa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ba wanda ya yi shi, Baba. Datti ne."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Shekara nawa kuna yin dattin?"

Na ce zai kai takwas.

Ya ce, "Ni na fi shekara talatin ina neman abin da kuka yi ba ku sani ba."

Na ɗauka ko dai ba shi da cikakken hankali. Da yamma ya dawo da yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya roƙe ni kwanon, na ba shi, abokan aikina suna ta dariya. Ya tafi da shi yana rungume kamar wanda aka ba kyautar rago.

Daga nan ne abotarmu ta fara.

Irin zanen Masta ba mutum a ciki, ba dabba, ba gida, ba itace. Launi ne kawai da layi da tabo. Mutanen unguwa in sun leƙa sukan ce, "Masta, fenti ne ya zube?" Sai ya ce, "E, amma ni na gaya masa inda zai zube."

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya zana fuska, alhali ya iya. Na ga tsofaffin littattafansa, in ya zana mutum kamar ya yi maka magana. Ya ce mini lokacin da mahaifiyarsa ta rasu ya zauna zai zana ta, ya yi ta yi, kowace fuska ta fito daidai amma ba ita ba ce. Ya ce, "Da na rufe ido, abin da ya zo mini ba hancinta ba ne, ba idonta ba ne. Shuɗin zanenta ne da ya koɗe, da baƙin bangon madafarta. Na sa waɗannan biyun a takarda, sai ga ta. Tun ranar ban sake zana fuska ba."

Ya kan ce, "Ni ba abin da ido ya gani nake zanawa ba. Abin da ya rage maka bayan ka kau da kai."

Ban gane ba a lokacin. Yanzu ma ba zan ce na gane duka ba.

Fentin masu zane na gaske ba a cika samunsa a Tamale ba, sai an aika kudu. Ni kuwa kullum muna da ragowa a gindin gwangwani, wanda bai isa a fesa ko ƙofa ɗaya ba. Na fara tara masa. Ina rubuta launin a jikin murfi, in sa a buhu. Kowace Asabar da safe zai zo da koko da ƙosai na mutum biyu, ya tsaya bakin gareji ya yi mini ina kwana da yaren garin nan, ya ce, "Dasiba, Awudu." In ce, "Naa, Masta." Mu zauna kan tsohuwar taya mu karya, ya ɗauki buhunsa ya tafi. Har da tina nake ba shi, ruwan nan mai kaifin wari da muke tsinka fenti da shi.

Ni na koya masa yadda ake haɗa su. Ku riƙe wannan.

Ɗakin aikinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen gidansu. Ba ya tsayar da allo, a ƙasa yake shimfiɗa katakon. Zai zuba launi ya karkata katakon ya bar shi ya gangara. Wani lokacin da tsintsiya yake ja, wani lokacin da guntun silifa, wani lokacin da bayan cokali. Ya bar shi kwana uku ba ya taɓawa, sai dai ya shigo ya zauna ya yi ta kallo. Ranar na huɗu ya juya shi kai ƙasa, ya ce, "Ashe haka kake so ka tsaya." Na sha ganin ya yi wata guda kan allo ɗaya, ya yi kyau har ina cewa a rataye, washegari in zo in tarar ya shafe shi da baƙi gaba ɗaya, yana kankarewa da wuƙa don abin da ke ƙasa ya leƙo kaɗan kaɗan.

In na ce, "Haba Masta, ka ɓata," sai ya ce, "Ya yi kyau da yawa. Ƙarya yake yi."

Ba ya zama jiran tunani ya zo masa. Fita yake yi. Ya je bakin dam da rani ya tsuguna yana kallon yadda laka ta tsattsage. Ya tsaya gaban bangon da aka yayyage fastocin 'yan siyasa. Ya sha ɗaukata a moto mu fita bayan gari wajen Fulani, ya zauna gefen garke yana kallon bayan shanu, ba ya zana komai, ba ya ɗaukar hoto. In muka taso in ce, "To me muka samo?" Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Yana nan, sai ya nuna."

Akwai wata Bafulatana mai kawo musu nono gida, dattijuwa. Wata rana ina nan ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida, an fito da wani allo yana shan iska. Ja ne mai duhu da fari fari a warwatse, ƙasansa baƙi. Matar nan ta tsaya tana kallonsa. Can ta ce, "Wannan shekarar da ciwo ya shiga mana garke ne. Haka filin ya zama da safe." Sai hawaye. Ba wanda ya gaya mata komai. Masta bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Da ta tafi ya ce mini, "Ka gani? Ita ta iya karatu."

Mutumin kirki ne, ba don ya mutu nake faɗa ba.

Ranar da injin yankan ƙarfe ya tsaga mini tafin hannu, shi ya ɗauke ni a motonsa zuwa asibiti, jinina ya ɓata masa farar riga tun daga kafaɗa. Bai taɓa maganar rigar ba.

Lokacin da maiɗakina ta yi ɓari har aka kwantar da ita, kwana huɗu yana zuwa ya zauna da ni a benci. Ba ya wa'azi, ba ya cewa ka yi haƙuri sau ɗari. Ya zauna kawai, in lokacin salla ya yi ya taɓa mini gwiwa mu tashi.

Wata rana wasu baƙi suka zo daga Accra ganin aikinsa, da turancinsu da kyamarorinsu. Ni na zo kawo masa saƙo da kayan aiki a jikina, duk na yi dabbare dabbare, na raɓe a bakin ƙofa. Suka tambaye shi yadda yake samun wani kore mai zurfi. Ya ce, "Ku tambayi Awudu, shi ne malamina a launi." Ya jawo ni tsakiyarsu. Ni da ban gama makaranta ba, na tsaya ina yi wa masu digiri bayani, yana fassarawa. Har in mutu ba zan manta da wannan ba.

To, ga inda abin yake.

Fentin mota yana da ƙyalli, kuma kafin ya bushe komai ya taɓa shi sai ya manne. Ƙuda ɗaya ya faɗa, aikin sati ya lalace. Saboda haka Masta ya buga wa tagar ɗakin ƙusa, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ya shiga ya rufe, tun hantsi har La'asar, shi da tina a ɗaki ɗaya.

Ni na san abin da warin nan yake yi. Sana'ata ce. Mu a fili muke feshi, kuma duk da haka in na kwana biyu ban sa takunkumi ba sai ƙirjina ya gaya mini. Na kawo masa takunkumi mai kyau. Ya sa sau ɗaya ya cire, ya ce yana hana shi tunani. Ya rataye shi a ƙusa.

Na yi masa magana. Sau nawa? Wataƙila sau biyar cikin shekara goma. Cikin wasa. "Masta, za ka kashe kanka fa." Ya yi dariya, in yi dariya, Asabar ta zagayo in miƙa masa buhu.

Don ina jin daɗi. Gaskiyar ke nan. Ina jin daɗin ganin ragowar gwangwanina ta zama abin da mutane ke tsayawa kallo. Ina jin daɗin a ce da hannuna a ciki.

Tarin ya fara kamar shekara uku da suka wuce. Aka ce mura ce. Aka ce tsufa ne. Ya kai in ya hau ɗan tudun ƙofar masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Bara Zuwera ta matsa ta kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya tambayi irin aikin da yake yi. Da aka gaya masa, ya ce huhun ya riga ya ci wuya, abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ya daina shaƙar abin nan zai iya samun sauƙin sauran kwanakinsa.

Zuwera malamar firamare ce, mai natsuwa, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Daga asibitin ta wuto garejinmu. Ta tsaya cikin rana gaban abokan aikina, takardar asibiti a hannunta.

Ta ce, "Baba Awudu, ina roƙonka don girman Allah, kada ka sake ba shi. Ko ɗigo."

Na ce, "Zuwera, zo mu shiga inuwa."

Ta ce, "Ba na son inuwa. Shi bai san abin nan ba sai a hannunka. Kai ka san guba ne. Ka sani, kake ba shi."

Gaskiya ta faɗa.

Asabar ta zo, sai ga Masta da koko da ƙosai da buhunsa a naɗe, kamar ba abin da ya faru. Muka zauna. Ya ce, "Akwai shuɗi?"

Na ce, "Babu, Masta."

Ya dubi gwangwanayen da ke jere a bayana. Ya ce, "Ga shi can ina gani."

Na ce, "Akwai, amma ba zan ba ka ba. Na yi wa Zuwera alkawari. Kuma ko ban yi mata ba, ba zan ba ka ba."

Ya ajiye kofinsa. Sai ya ce, "Awudu, so kake in zauna a kujera da hannu mai tsabta ina jiran Mala'ika?"

Na ce, "So nake ka daɗe."

Ya ce, "In daɗe ina me?"

Ya tashi. Bai ƙarasa kokon ba. Ya manta buhun ma, ko kuwa da gangan ya bari, ban sani ba.

Ban tsaya nan ba. Na bi duk masu feshin da na sani, daga Bulpiela har Gumbihini, na ce in dattijo mai tabarau ya zo neman ragowar fenti kada a ba shi. Na je shagunan da ake sayarwa na faɗa musu. Maganar ta koma kunnensa. Wannan ya fi yi masa ciwo. Ya aiko Mma Memuna, matarsa, ta gaya mini wai ya gode, na zagaya gari da sunansa kamar mai taɓin hankali.

Wata bakwai ba ya yi mini magana.

Mu haɗu a masallacin Juma'a, in miƙa hannu, ya ba ni yatsu yana kallon wani wuri. Na je gidan sau biyu aka ce yana hutawa, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Daga baya na daina zuwa. Na ce a raina ai ni ke da gaskiya, in ya huce zai neme ni.

Wannan wata bakwai ɗin su ne suka fi damuna yau. Da na yi ta zuwa. Ko zai kore ni sau ɗari, da na yi ta zuwa in zauna a zauren.

Sati uku da suka wuce Mma Memuna ta kira ni ta ce, "Awudu, ka zo. Bai ce a kira ka ba, amma kullum Asabar sai ya tambayi ko yau wace rana ce."

Na tafi bayan La'asar, daga gareji kai tsaye, ban ko canza riga ba.

Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, an jingina shi da matashi biyu. Ya rame har agogonsa ya koma wajen gwiwar hannu. Kowace kalma sai ya tsaya ya nemo numfashi kafin ya faɗi ta gaba.

Ya ce, "Ka zo."

Na ce, "Na zo, Masta."

Ya ce, "Ka yi ƙiba. Rashin ganina ya karɓe ka."

Na yi dariya, dariyar ta juye mini kuka, na kasa tsayar da shi. Ya bar ni na gama.

Ya sa Mma Memuna ta fito da wasu takardu masu kauri. Ashe duk watannin nan bai zauna haka ba. Jar ƙasa yake sa a tankaɗe masa, da gawayi, da bular wanki, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, yana shafawa da yatsa a nan inda yake zaune. Sun fi ashirin. Ba ƙyalli, ba hayaniya. Akwai wani da kusan duka baƙi ne, sai wani siririn layi ja da ya taso daga ƙasa ya tsaya a tsakiya, bai kai sama ba.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Numfashi ne. Nan yake tsaya mini."

Na ce masa waɗannan sun fi duk na baya. Da gaske nake. Ya girgiza kai ya ce, "Ba sa haske. Kamar mutum yana magana da raɗa, alhali ihu yake so ya yi."

Can ya ce, "Matso."

Na matsa.

Ya ce, "Ƙara matsowa."

Ya kama hannun rigata ya kai hancinsa, ya rufe ido, ya ja a hankali iya ƙarfin da ya rage masa. Warin tina da fenti ne a jikin rigar. Ya ce, "Kai, warin aiki." Sai tari ya sarƙe shi, na janye da sauri, Mma Memuna ta rugo da ruwa.

Da ya lafa ya ce, "Awudu, na ji abin da yarinyar nan ta gaya maka a gareji. Ka saurare ni. Ba kai ka buga wa tagar nan ƙusa ba. Ni na buga. Da hankalina."

Na ce, "Ni na kawo."

Ya ce, "Ka kawo, na yi shekara goma sha ɗaya ina abin da aka halicce ni in yi. Kafin kai, koyarwa kawai nake ina jiran ritaya. Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba."

Da zan tafi na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa fushinsa. Na kai bakin zaure sai na ji ya ce, "Awudu."

Na juyo.

Ya ce, "Ko cokali ɗaya na shuɗi?"

Yana murmushi, amma idonsa ba wasa yake ba.

Na ce, "A'a, Masta."

Ya ce, "Cale, abokina, kai dai ba ka da kirki." Ya ɗaga mini hannu.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na je sau biyu bayan haka, duk na tarar yana barci.

Yau da na isa gidan, limamin unguwa ya ce ni da ƙanin marigayin mu za mu taya shi wanka. Muka shiga. Aka yaye mayafin daga hannunsa na dama.

Shuɗi ne, tun daga yatsu har wuyan hannu.

Ba bula ba. Fentin mota. Shuɗi mai ɗan ƙyalli da ni na haɗa shi da hannuna shekarun baya. Ko cikin launi dubu zan gane shi.



Liman ya murza wurin da yatsa ya ce, "Wannan zai hana ruwa taɓa fata. Awudu, sana'arka ce. Me ke fitar da shi?"

Na san abin da ke fitar da shi. Minti ɗaya ya isa. Akwai kwalbarsa ma a akwatin motona a ƙofar gida.

Na ce, "Malam, ba zan kawo abin nan kusa da shi ba. A ba ni man kaɗanya da tsumma."

Aka karɓo daga wajen mata. Na zauna a ƙasa na ɗora hannunsa a cinyata. Ina shafa man, ina jira ya yi laushi, ina murzawa a hankali, yatsa bayan yatsa. Hannun ya yi sanyi, ba nauyi. Ya ɗauke ni kusan awa guda. Jama'a sun cika waje suna jira cikin rana, amma ba wanda ya ce in yi sauri. Ƙaninsa yana riƙe da kwanon man yana kuka ba sauti.

Duk ya fita, sai ɗan kaɗan a ƙarƙashin farcen babban yatsa. Na yi na yi ya ƙi. Liman ya duba ya ce, "Bar shi haka. Allah ya ga ƙoƙarinka."

Da shi aka rufe shi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Zuwera ta aiko a kira ni. Na same ta bakin ɗakin aikin, da wani ƙaramin gwangwani a hannu. Ta ce ranar Litinin tana makaranta, Mma ta fita kasuwa, ya lallaɓa da bango ya shiga ɗakin. Ya samo gwangwanin a bayan katakai, da 'yar sauran tina a kwalba. Akwai wani allo da ya bari rabi tun bara. Mma ta dawo ta same shi zaune a ƙasa bakin ƙofa, numfashi yana fita da ƙyar. Abin da ya iya ce mata kawai shi ne, "Kada a taka, bai bushe ba." Tun ranar bai sake tashi ba.

Ta juya murfin. Rubutuna ne a kai.

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da za ta ce. Duk abin da ta faɗa na shirya ɗauka.

Ta ce, "Baba Awudu, ban nuna maka don in ɗora maka ba. Ni ya kamata in kwashe ɗakin nan, na kasa, don ina ganin kamar na binne shi da rai. Na hana shi, ka hana shi, ga shi ya yi abin da yake so. Abin da na yi kawai, na raba shi da abokinsa wata bakwai. Ka yafe mini."

Na ce, "Zuwera, ke ce kika yi daidai."

Ta ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ni ma ban sani ba.

Ta ce allon yana ciki, ya bushe, ko zan shiga in gani. Na ce ba yau ba.

'Yan'uwana masu feshi, masu walda, masu shafa wa katako vanish, duk wanda ke shaƙar abin da yake aiki da shi, ku sa takunkumi, ku yi aiki a inda iska ke wucewa. In kuna da wanda kuke ƙauna yana wasa da wannan, kada ku gaya masa cikin dariya kamar yadda na yi. In kuma kun hana shi ya yi fushi, kada ku daina zuwa gidansa.

Ya Allah, ga bawanka Tanko ya zo gare Ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa, Ka yafe masa taurin kansa, Ka sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka buɗa masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka cika shi da haske. Ka ba Mma Memuna da Zuwera da sauran iyali ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Tsofaffin ɗalibansa, ku sanar da juna.

In kuma da sauran wuri a addu'arku, ku sa ni. Tasin nan tana nan tana jirana a gareji, kuma ban san yadda zan buɗe gwangwanin fenti gobe da safe ba.